Ba a Wuce Maigida a Hanya

In kana so ka sha ƙarya har ka ƙoshi a garin Dutse, je ka inda 'yan adaidaita sahu suke fakin a bakin titin Limawa, ka ambaci mai farar mota. Nan take za a kewaye ka. Wani zai ce maka an taɓa zuba wa mai farar mota shayi a Dutse, ya je Kiyawa ya dawo shayin bai huce ba. Wani zai rantse da idonsa ya ga ya tsallake saniya da mota, saniyar ko kai ba ta ɗaga ba. Shi mai rantsuwar nan kuwa, lokacin da motar ta bar haya ko yaye shi ba a yi ba. Ni dai in na zo wucewa na ji su, gyara mayafina nake yi in yi gaba, don mai farar motar nan mahaifina ne, kuma yana nan da ransa a zaure, yana fama da goro da sauran haƙoran da suka rage masa.

Baba direban haya ne. Shekarunsa na ƙarfi a kan hanyar Dutse zuwa Kiyawa ya ƙarar da su, wani lokaci ya zarce har Aujara in lodi ya kai can. Motarsa doguwa ce fara, irin mai kujera layi uku, wadda masu ƙera ta suka ƙayyade mata mutanen da za ta ɗauka, mutanenmu suka duba suka ga Turawan nan ba su san daɗin zumunci ba, suka ƙara. Tseren da ake ta zuzutawa kuwa ba don kofi ake yin sa ba. Dokar tasha ce ta haife shi: wanda ya riga shigar da motarsa tasha, shi zai riga yin lodi. Ranar kasuwa in ka shigo a baya, sai ka zauna kana kallon 'yan'uwanka suna kwashe fasinja, kai kana korar ƙuda. Don haka kowane direba da ya bar Dutse da safe, idonsa ɗaya yana kan kwalta, ɗayan yana kan madubi.

Gudu kam Baba ya yi shi, ba zan ƙaryata yaran nan a komai ba. Amma gudun nasa ba irin wanda suke nufi ba ne. Da farar riga yake fita, da farar riga yake dawowa, hularsa ba ta karkacewa. In ya canja giya ba ka ji a jikinka, sai dai ka ga bishiyoyi sun ƙara sauri. Matan Fulani masu kai nono kasuwa sun gwammace su tsaya a rana har farar mota ta zo, don sun san ƙwaryarsu za ta isa yadda suka cika ta. Ban taɓa jin ya zagi wani direba ba, abin da a wannan sana'a ya kusa zama abin kunya. In zai wuce mota sai ya danna hon sau biyu, ƙanana, kamar mai sallama, in ya zo daidai da direban ya taɓa hularsa. Direbobi da yawa sun ce gara ya zage su da wannan taɓa hular.

Akwai ranar da ya tsere wa kowa, yana gab da shiga Kiyawa, sai ya lura wani abokin hamayyarsa da ke biye da shi ya ɓace daga madubi. Da wani direban ne, godiya ga Allah zai yi ya ƙara wuta. Baba juyawa ya yi da fasinjansa cike da mota, ya koma ya tarar bel ɗin injin mutumin ya tsinke, ya ba shi nasa na ajiya, ya tsaya har aka ɗaura. Da suka tashi, mutumin nan bai yi wata-wata ba ya ba motarsa wuta ya riga Baba shiga tasha. Da labarin ya iso gida, Inna mahaifiyarmu tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Madalla, Malam. Yau sai mu dafa mutunci mu ci, in ya yi saura mu ɗumama da safe." Baba ya yi dariya ya nemi ruwan alwala.

Abin da 'yan adaidaita ba su taɓa faɗa ba, don ba su sani ba, shi ne gwarzon nasu da suke cewa ba a taɓa shan gabansa ba, ya shafe shekaru yana shiga tasha a bayan wani. Akwai wata jar mota a hanyar, ta mutumin da ya koya masa tuƙi. Tun Baba yana saurayi wannan mutumin ya ɗauke shi yana wanke masa mota, yana ɗaure kaya, har ya ɗora hannunsa a sitiyari. Maigida Baba yake ce masa, har mutumin ya rasu ban ji ya kira shi da wani abu ba. A al'adar direbobin wancan lokaci kuwa, ba ka wuce wanda ya koya maka tuƙi a hanya. Kome saurinka, kome lodin da ke jiranka, a bayansa za ka tsaya, sai in shi da kansa ya fito da hannu ta taga ya yi maka alamar ka wuce.

Shi kuma Maigida, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai kyauta da komai ban da wannan hannun. Jar motar ta tsufa, tana hayaƙi kamar ana gasa masara a ƙarƙashinta, in ta zo hawan tudu sai ka ji tausayinta. Baba zai wuce kowa, ya taɓa hula, ya taɓa hula, sai ya iso bayan jar mota ya sauke ƙafa daga totur. Shi ke nan. Fasinja su yi ta tsaki, masu tari su yi, waɗanda ya wuce ɗazu su zo su wuce su biyun suna dariya, don su ba Maigida ne ya koya musu ba. Na taɓa zama a motar ina yarinya, za mu gaida kakata. Hayaƙi ya cika mana ido, na ce, "Baba, don Allah ka wuce shi mana." Bai kalle ni ba ya ce, "Uwata, kin ga hannu?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na ce ban gani ba. Ya ce, "To ni ma ban gani ba." Na ji haushinsa a ranar ƙwarai, na kuma daɗe ina ji.

Sau ɗaya tak Maigida ya ba shi hannu. Wata ranar kasuwa ce, suna dab da Kiyawa, ba gaira ba dalili sai ga hannu ya fito ta tagar jar mota. Baba ya yi hon sau biyu, ya wuce, ya taɓa hula, ya shiga tasha na farko. Mun ɗauka ranar za a yi shagali a gidanmu. Ya dawo, Inna ta ajiye masa tuwo ya kwana a rufe. Washegari aka ji Maigida ya ajiye tuƙi, ƙafarsa ta daina jin birki sosai, ya ɓoye wa kowa har ya ga ba zai ɓoyu ba. Baba ya gane tun a kan titi. Ya san mutumin nan ba zai fito da hannunsa ba sai in ya gama.

Wannan shi ne mutumin. Sai ka zo ka ji abin da zamani ya yi da shi.

Ina da ɗa namiji, babban ɗana, wanda Allah Ya ba tsayi da baki da cin shinkafa. Tun yana sakandare kakan nasa ya riƙa fita da shi fili da yamma a farar motar, kafin a jingine ta, ya koya masa tuƙi daga kuloci har ribas. Yaron ya iya, ba zan hana shi ba. Da ya gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, wani ɗan'uwan mahaifinsa ya ba shi ƙaramar mota yana ɗaukar fasinja. Na yi murna. Ashe murnar ta gajeren zango ce, don abokan da ya samu su ne masu wasan mota a biki. In ba ka san wannan ci gaban ba, ga yadda yake: in za a kai amarya, samari su jera motoci da babura, su yi ta tsere a kan titi, in an iso mararraba ɗaya ya shiga tsakiya ya yi ta juya mota a wuri guda, taya tana ƙara tana hayaƙi, 'yan kallo sun kewaye shi da wayoyi a sama. Wanda ya fi kusa da hallaka shi ne gwani.

Kuma duk da sunan Baba suke yi. Ubangidansu ne, in ji su. Ɗana kuwa shi ne mai gadon gaske, jikan mai farar mota, gudu a jininsa yake. Mutumin da ya sha hayaƙin jar mota shekara da shekaru saboda kunya, shi ne yau aka naɗa limamin marasa kunya, ba a ko tambaye shi ba.

Wata maƙwabciyata ce ta nuna mini hoton bidiyo a wayarta, wai don in ga yadda ɗana ya shahara. Na ga motar da na sani tana juyawa kamar an ɗaure ta a turke, ƙofa a buɗe, rabin jikinsa a waje. Na zauna a ƙasa. A bikin da ya gabaci wannan, ɗan wata mata a layinmu haka ya yi, motar ta kuɓuce masa, har yau da sanda yake zuwa masallaci, yaro mai jini a jika. Na tsorata, tsoron da ban taɓa yi ba tun da na haihu.

Na yi faɗa. Na yi kuka. Na ɓoye makulli a cikin buhun gero, ya je aka yanka masa wani. Mahaifinsa ya yi nasa faɗan na mintuna kaɗan ya koma sauraron rediyo, yana ganin ya sauke nauyi. In na matsa sai yaron ya ce, "Umma, ke ba ki san mota ba. Ki tambayi Baba tsoho irin abin da ya yi a zamaninsa." Wai ni, da na girma da warin fetur a cikin tuwona, ni ce ban san mota ba.

Ana cikin haka aka sa bikin 'yar ƙanena. Ta gama karatunta, ta zaɓi wani malamin makaranta a Kiyawa, kowa ya yi farin ciki. Ni kaɗai ce ban yi ba, don na ji ɗana yana waya a ƙofar gida yana cewa ranar kai amarya a mararrabar shiga Kiyawa za a ga abin da ba a taɓa gani ba, bikin gidansu ne, dole ya fitar da kakansa kunya. Har tsofaffin tayoyi ya tanada.

Na ɗauki mayafi na tafi gidanmu. Na tarar da Baba a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na zazzage masa komai, har da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce shi ya koya wa yaron nan tuƙi, da sunansa ake wannan hauka, in wani abu ya samu ɗana ban san da wane ido zan kalle shi ba. Ya bar ni na gama. Na ɗauka zai ce a kira masa yaron ya yi masa nasiha, irin wadda ake ji da kunnen dama ta fita ta hagu. Sai ya ce, "Uwata, ki aika a kira mini bakanike. Kuma a kori kajin nan daga cikin mota."

Farar motar ta daɗe a ƙarƙashin darbejiya a bayan gida, kaji sun mayar da kujerar baya asibitin haihuwa. Bakanike ya yi kwanaki a kanta, yana salati yana kwancewa. Ranar da ta yi tari ta tashi, unguwa ta cika. Baba ya sanar cewa shi ma zai raka jikarsa, kuma shi zai ja gaba. Labari ya bazu a wurin samari kafin la'asar. Murna a wurin ɗana ba a magana. Ya zo ya tsuguna gaban kakansa yana washe baki ya ce, "Tsoho, ashe da sauranka. To ka ɗaure wandonka, don ranar ba zan raga maka ba." Baba ya ce, "Allah Ya kai mu, abokina."

Ranar kai amarya bayan la'asar muka taru a Limawa. Damina ce, gabas ta ɗan yi duhu, amma ba wanda ya kula. Baba ya fito cikin farar riga da hula a daidaice, ya ce ni zan zauna a gaba kusa da shi, bayan motar aka cika da kwanuka da tabarmi. Samari suka kewaye mu suna ɗaga hannu, "Sai Baba, yau za mu ga aiki." Wani har shafa jikin motar ya yi ya shafa a fuskarsa, don neman albarkar gudu. Ɗana ya kawo motarsa ya tsaya daf da bayanmu, abokansa cike da ita. Baba ya yi bisimilla, ya sa giya.

Muka hau titi, muka bar gari, ana jiran a ga wuta. Baba ya ɗora hannu a sitiyari ya ci gaba da tafiya irin ta mai rakiyar mara lafiya. Da farko samarin sun ɗauka ɗumama inji yake yi. Muka wuce gonaki, gero ya yi kore shar, na samu damar kallon kowane kara a tsanake. Wani mai keke ɗauke da dami ya jera da mu, ya gaida Baba, suka tambayi juna iyali, sannan ya ba mu haƙuri ya yi gaba. A nan ne almajiran gudu suka fara gane karatun.

Na farko ɗan babur ne, ya fito ya wuce mu fuu, ko kallon ubangidan nasa bai yi ba. Sai na biyu. Sai motoci suka biyo, har da mai neman albarkar nan, yana danna hon kamar mu ne muka tare masa arziki. Motar amarya, wadda wani dattijo daga dangin ango yake ja, ta yi mana sallama cikin ladabi ta wuce, don shi ba ruwansa da wannan shari'a. Kafin wani lokaci titi ya zama namu mu kaɗai, mu da mota ɗaya.

Ina kallonta ta madubin gefe. Hancinta ya leƙo hagu, ya koma. Ya sake leƙowa, ya sake komawa. Ina hango abokansa suna dukan kujera suna nuna masa titi. Ashe duk rashin jin yaron nan, abin da kakansa ya gaya masa ranar da ya fara ɗora masa hannu a sitiyari bai fita ta kunnen hagu ba. Wayata ta yi ƙara.

"Umma, don girman Allah ki ce wa tsohon nan ya ba ni hannu. Ana jirana."

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Ki ce masa hannuwana biyu ne, kuma duk suna aiki."

Na isar da saƙo da murya mai daɗi, na kashe waya. Wallahi na daɗe ban ji sanyi a raina irin na wannan lokacin ba. Na gyara zama ina jin kaina kamar matar gwamna. Na ce a zuciyata, ashe hayaƙin jar mota bai tafi a banza ba.

Sai aka fara yayyafi, sannan ruwa ya sauko sosai. Abin goge gilashin motar ya yi ƙoƙarinsa irin na tsofaffi, yana shafa ruwan daga wannan gefe zuwa wancan. Na lura Baba ya matso da fuskarsa kusa da gilashi. Can ya ce, a hankali, "Uwata, wancan baƙin abin a gefen titi, mutum ne ko kututture?"

Na duba. Babbar mota ce ta kaya, an yi fakin ɗinta, girmanta ya kai ɗaki.

Na juyo na kalle shi. Sai a lokacin na ga abin da na kasa gani duk zuwan da nake yi gaishe shi: wani fari-fari a cikin ƙwayar idonsa. Na tuna yadda ya daina karanta Alƙur'aninsa da rana ya koma tilawa da ka, yadda yake gane mutum sai ya yi magana. Na ce, "Baba, ba ka gani?" Ya ce, "Ina gani mana. Da rana tsaka ina ganin kwalta baƙa, gefenta ja. Ruwan nan ne ya haɗe mini su." Ashe rabin tafiyar hawainiyar da nake ta yi wa dariya dabara ce, rabin kuwa iyakar abin da idonsa zai iya ke nan.

Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni, na rasa wanne zan fara. Na ce ya tsaya yanzun nan. Ya ce, "In na tsaya na sauka daga titi, ba wuce ni ya yi ba, hanya ce ta buɗe masa. Kin san inda za shi, kuma kin ga yadda kwalta ta jiƙe." Na zo in ceci ɗana, ga shi na saka mahaifina a mota ba ya gani, ni ma ina ciki. Na fara yi masa jagora da baki, dama kaɗan, hagu kaɗan. Muka wuce babbar motar da ƙyar. Gaba kaɗan tayarmu ta dama ta faɗa gefen kwalta, kwanuka suka yi ƙara a baya, Baba ya dawo da ita a hankali ba tare da ya fizga ba. Sai ta sake faɗawa.

Sannan na ga ya sa hannu yana murɗa abin sauke gilashi. Ruwa ya feso masa a farar riga. Ya fitar da hannunsa waje, ya yi alamar nan da na yi shekaru ina roƙon in gani daga tagar jar mota. Na ce, "Baba, kada ka yi." Ya ce, "Ba ni da ikon riƙe ku a bayana kuma, Uwata."

Na rufe ido ina jiran ƙarar inji. Abin da na ji hon ne, sau biyu, ƙanana. Na buɗe ido na ga motar ɗana ta jero da mu. Ba shi da hula, wani aski ne a kansa da na sha cewa ya yi kama da gonar da fari ya ci, amma ya ɗaga hannu ya taɓa goshinsa. Ya shiga gabanmu. Sai ya rage gudu, ya kunna fitilun nan na baya masu ƙyaftawa gaba ɗaya. Wayata ta sake ƙara. Babu surutun abokai a bayansa wannan karon.

"Umma, tun ɗazu nake ganin motar tana yawo. Ki tambaye shi, yana ganin fitilata?"

Na tambaya. Baba ya ce yana gani.

"To ya bi ta kawai."

Haka muka tafi. In ya ga mun ɗan yi nisa sai ya taka birki ya jira. In akwai rami sai ya kauce tun da wuri, a hankali, yadda na baya zai gane. Da muka iso mararrabar Kiyawa ruwa ya tsagaita, samari sun yi da'ira a tsakiyar titi, wayoyi a sama, suna kiran jikan mai farar mota. Suka buɗe masa fili. Ya kunna sigina, ya sha kwanarsa kamar mai koyon tuƙi ranar jarrabawa, muka bi shi. Na ji ihun da suka yi masa, ba na yabo ba ne, wasu kalmomin ma ba za su rubutu ba.

A ƙofar gidan ango Baba ya kashe mota, ya zare makulli, ya zauna yana shafa sitiyari da tafin hannunsa. Ɗana ya zo ya buɗe masa ƙofa. Ba wanda ya yi wasan jika da kaka. Baba ya miƙa masa makullin ya ce, "Kai za ka mayar da mu gida. Taka motar a bar ta a nan, gobe ka dawo ka ɗauka." Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To, Maigida."

Kafin mako ya zagayo, 'yan adaidaita na Limawa sun gama gyara labarin. Yanzu cewa suke yi mai farar mota ya fito cikin ruwan sama da tsufansa, ya ba kowa rata, ya isa Kiyawa rigarsa ba ta jiƙe ba. Mai neman albarkar nan shi ne babban mai ba da shaida. Ban ƙaryata su ba, ba ni da ƙarfin wannan aikin. Baba dai bai sake tuƙi ba, an yi masa aikin ido ɗaya, yana ganin jikokinsa yanzu, amma ya ce titi ya wuce shi. Ɗana kuma ba zan ce ya zama waliyyi ba, har yau in na shiga motarsa sai na riƙe kujera, sai dai ban sake ganinsa a wayar kowa ba.

A daren bikin kuwa, kafin mu taso, aka fito da shinkafa da nama a manyan farantai. Na zuba wa ɗana da kaina, na cika, na ɗora masa tsoka, don na san cikinsa. Na same shi a waje zaune a bakin farar motar, makullin yana hannunsa yana jujjuya shi. Na ajiye masa a rufe na koma cikin mata. Da muka tashi tafiya na je ɗaukar farantin, na tarar da shi a rufe yadda na ajiye.